Shekarata 47, kunya ta hana ni fara ɗaga ƙarfe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Aikin zama nake yi, safe zuwa yamma ina kan kujera. Makon jiya autana ya yi barci a mota, na saɓo shi zan hau bene, wallahi sai da na tsaya a tsakiyar matakala ina haki, hannuna yana karkarwa. Yaro ɗan shekara shida fa! Likita ya daɗe yana ce min tafiya kaɗai ba ta isa ba, in haɗa da abin da zai ƙarfafa tsoka. Sau ɗaya na taɓa shiga gidan motsa jiki, na tarar da samari sa'o'in ƙannena, kowa ƙwanji a murɗe. Na ɗauki ƙarfe mafi ƙanƙanta, ina ji kamar duk ni ake kallo. Kashegari ko tsugunno na kasa, shi ke nan ban koma ba. Shin ban makara ba? Ku da kuka fara da girmanku, me ya hana ku dainawa?

Abban Sadik: Yaya, babu mai kallonka, kowa ta madubinsa yake yi. Tsamin jikin nan kowa ya sha shi, yakan yi tsanani daga kwana ɗaya zuwa uku sannan ya lafa, kuma na karo na biyu ba ya kai na farko. Gab da samun sauƙi ka gudu.

Anti Nas: Malam, yanzu ne ma ka fi samarin can buƙatarsa. Daga wajen shekara 30 tsoka take fara zaizayewa a hankali idan ba a ba ta aiki, mutum ba ya lura sai ranar da ya ɗauki abu ya ji ya gaza, kamar yadda ya faru da kai a matakala. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, ban da minti 150 na irin tafiyar da kake yi. Kwana biyu kacal, kuma ba a ce sai da ƙarfe ba. Zauna kan kujera ka miƙe ba tare da dafa komai ba sau 10, dafa bango ka riƙa tura jikinka, ka huta, ka maimaita. Idan ya zama wasa ka ƙara nauyi. Abu ɗaya: kada ka riƙe numfashi lokacin ɗagawa, yana sa jini ya hau. In kana da hawan jini, ka fara komawa wajen likitanka.

Baba Ɗanjuma: Ni dai an ce idan ka daina, tsokar komawa take kitse.

Anti Nas: Baba, ba haka ba ne. Tsoka daban, kitse daban. Tsokar ce ke raguwa, ci kuma bai ragu ba.

Maman Hanifa: Mu mata namu tsoron daban ne, wai kada mu koma kamar maza. Shekara biyu ina yi, ban ga ƙwanji ba, sai dai ciwon bayana da ya yi sauƙi. Maganar gaskiya ba ilimi ne ya riƙe ni ba, ƙawata ce. Ranar da na ji kasala sai in ga kiranta, kunyar in ce mata ba zan zo ba ta fi kasalar ƙarfi. Ka nemi sa'anka ku riƙa yi tare.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada na kujerar yanzu, a na takwas cinyata ta fara rawa. Akwai wani abokin aikina da tumbinsa ya fi nawa, gobe zan tuntuɓe shi. Anti, Litinin da Alhamis sun yi, ko hutun ya yi yawa?