Neman shawara: wace buɗaɗɗiyar manhaja za mu riƙe don darasin bidiyo kai tsaye?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kawo kukana ne gun masu ido a harkar nan, don ni kaina ya ɗaure.

Mu biyar ne muke koyar da lissafi ta intanet duk mako, aikin sa-kai. Ɗaya yana warware tambaya a allo, sauran huɗun suna sa baki. Masu kallo kan kai ɗari biyu, yawancinsu da waya. Wata manhajar taro ta kuɗi muke amfani da ita, amma ta ishe mu: an ƙayyade mana yawan masu shiga, kuma sau biyu naɗin darasi yana ɓacewa ba mu san inda ya yi ba.

Yanzu mun samu hayar sabar ƙarama, wato kwamfutar da ke zaune a intanet tana aiki dare da rana, mai ƙwaƙwalwar aiki huɗu da ram gigabait 8. Na shiga neman buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kowa zai iya ɗauka ya girka da kansa, sai sunaye suka yi min rubdugu: Jitsi Meet, BigBlueButton, OBS, Owncast, PeerTube, LiveKit, Janus. Kowace na buɗe shafinta sai in ji kamar ita ce. Abin da nake so bai wuce uku ba: kada ɗalibi ya sauke komai ko ya buɗe asusu, ya iya yin tambaya, kuma darasin ya zauna don wanda bai samu zuwa ba. Ni ban iya rubuta manhaja ba, amma in an ba ni umarnin Linux zan kwafa in liƙa. Wacce zan ɗauka?

Injiniya:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin mu kai ga suna, amsa min wannan: cikin ɗari biyun nan, mutum nawa ne suke buɗe baki a darasi guda?

Mai tambaya:

Da murya? Ba su wuce uku ko huɗu ba, Injiniya. Sauran rubutowa suke yi.

Injiniya:

To ka ga inda gizo ke saƙa. Aiki biyu gare ka, kana neman ka ɗora wa jaki ɗaya.

Na farko hira ce tsakaninku ku biyar. Wannan ba ta jure jinkiri. In maganarka ta yi sakan biyu kafin ta isa kunnen abokinka, za ku yi ta hawa kan maganar juna, kowa yana cewa "ci gaba, ina jin ka". Fasahar da aka yi don haka ita ce WebRTC, wadda Google ta saki a buɗe a 2011, kuma tana cikin burauzar kowa a yau. Jinkirinta bai kai sakan ɗaya ba. Amma tana da nauyi: sabar tana riƙe da layi na musamman ga kowane mutum, tana karɓar hoton wannan tana miƙa wa wancan. Jitsi da BigBlueButton da LiveKit da Janus duk 'yan gidan nan ne.

Na biyu kuwa yaɗawa ce, mutum ɗari biyu suna zaune suna kallo. Su ba ruwansu in hoton ya makara da sakan goma ko ashirin, ba za ma su sani ba. A nan HLS ake amfani da shi, wanda Apple ya fito da shi a 2009. Ana yanyanka bidiyon gutsi-gutsi, kowane na 'yan sakanni, wayar mai kallo tana ɗauko su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take ɗauko hoto a kowane shafi. Da yake tana tara guntaye a gaba, in layin ɗalibi ya ɗan yi tangal-tangal bidiyon ba ya tsayawa nan take. Owncast da PeerTube nan suka faɗo.

Shawarata: ku biyar ku shiga ɗakin Jitsi, mutum ɗaya ya ɗauki hoton ɗakin da OBS, manhajar ɗaukar hoton allo, ya tura wa Owncast ko PeerTube, ɗalibai su kalla can. LiveKit da Janus ka ajiye su gefe. Ba don ba su da kyau ba, tubali ne na masu gina tasu manhajar, kai kuma gida ginanne kake nema.

Malama:

Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma ban yarda a tsallake BigBlueButton haka kawai ba. Don aji aka yi shi tun asali, a Jami'ar Carleton ta Kanada aka fara shi a 2007. Akwai farin allo da malami da ɗalibi za su yi rubutu a kai tare, akwai ɗaga hannu, akwai ƙuri'ar tambaya, ana raba ɗalibai rukuni-rukuni, kuma yana naɗe darasi da kansa. Ga mai koyar da lissafi allon nan ba ƙaramin abu ba ne. Na ɗora takardar tambayoyi na ce wa yarinya ta ja layi ƙarƙashin inda ta ɓace, a take na gane alamar ɗebewa ce take rikita ta. Ta akwatin rubutu ba zan taɓa gano wannan ba.

Injiniya:

Gaskiyarki Malama, a fagen koyarwa babu kamarsa a jerin nan. Matsalar sabar ɗin Malam ce. Masu BigBlueButton da kansu ƙwaƙwalwa takwas da ram gigabait 16 suke nema, kuma yana son Ubuntu, wani nau'in Linux, sabo fil wanda ba a ɗora masa komai ba. Malam kuwa rabin haka yake da shi. Ga kuma mutum ɗari biyu a ɗaki guda.

Malama:

To na sauka. Amma Malam, ranar da kuka koma ajin mutum talatin, ka tuna da ni.

Wani matashi:

Yaya duk wannan dogon zance ne, OBS kawai ka sauke ka huta.

Tsohon hannu:

Ƙanena, OBS ɗin zai tura wa wa? Shi ɗakin haɗa hoto ne a kwamfutarka: ya haɗa kyamara da allo da sauti, ya matse su, ya aika wuri ɗaya. Ba ya raba wa masu kallo. Dole akwai mai karɓa a ɗaya gefen.

Malam, tunda lissafi kuke koyarwa bari in ba ka naka aikin gida. Ka ce kana tura hoton 720p a megabit 2.5 cikin sakan. Sau ɗari biyu, megabit 500 ke nan suke fita daga sabar ɗinka a lokaci guda. Da yake bit takwas ne bait ɗaya, a awa ɗaya kowane ɗalibi ya sha sama da gigabait ɗaya, jimilla gigabait 225. Je ka duba abin da mai ba ka haya ya yarje maka a wata, da faɗin layin da ya ba ka. Mutane suna ta kallon ram, alhali nan ne ake faɗuwa.

Sauƙin da kake da shi, rubutu a allo ba ƙwallo ba ne, ba ya gudu. Bar girman hoton yadda yake don lambobi su fito tar, ka rage yawan hotuna zuwa 15 a sakan, ka sauko da megabit ɗin kusa da ɗaya. Ɗalibanka masu ƙaramar data za su sa maka albarka. Kuma kada ka ce wa sabar ta fitar da inganci kala uku ko huɗu. Kowane kala sai ta sake matse bidiyon daga farko, ƙwaƙwalwa huɗun nan za su cika har Jitsi ya rasa wurin numfashi. Biyu sun isa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, yanzu na fara ganin haske. Saura biyu. Tsakanin Owncast da PeerTube fa? Kuma ɗalibin da yake son tambaya da murya ya zan yi da shi?

Injiniya:

Owncast ya fi sauƙin girkawa nesa ba kusa ba. Tasha ɗaya ce, ga akwatin hira a gefe, ɗalibi ya buɗe adireshi ya fara rubutu ba rajista. Sai dai ba ya ajiye darasi in an gama. PeerTube na ƙungiyar Framasoft ta Faransa ne, ya samu yaɗawa kai tsaye a Janairun 2021. Shi yana iya ajiye darasin a matsayin bidiyo da zarar kun rufe, kuma burauzar masu kallo suna taya juna raba guntayen, abin da ke rage wa sabar kaya. Amma girka shi ya fi aiki, yana buƙatar rumbunan ajiye bayanai na PostgreSQL da Redis, kuma akwatin hira sai ka ƙara masa daga baya. Tunda sharaɗinka na uku shi ne darasi ya zauna, ni PeerTube zan nufa. In ka ga zai cinye maka mako, fara da Owncast, ka naɗa a OBS.

Mai tambaya da murya kuwa, ka aika masa adireshin ɗakin Jitsi shi kaɗai, ya shigo, ya tambaya, ya fita. Amma ka ja masa kunne ya kashe sautin shafin kallo tukuna. In ba haka ba zai ji muryarsa tana dawowa bayan sakan goma sha, kowa ma ya ji, aji ya rikice.

Wata 'yar uwa:

Ƙari kaɗan kan naɗi. A OBS, wajen nau'in fayil ɗin bidiyo, ka zaɓi mkv, kada ka zaɓi mp4 na gargajiya. In kwamfuta ta ɗauke ana tsakiyar darasi, mkv zai bar maka abin da aka riga aka ɗauka, mp4 kuwa yakan tafi gaba ɗaya. Daga baya OBS ɗin da kansa yana juya shi zuwa mp4 cikin ɗan lokaci. Jitsi yana da nasa mai naɗi, Jibri, amma shi burauzar Chrome yake kunnawa a ɓoye yana ɗauka, taro ɗaya a lokaci guda, kuma yana da ci. Kada ka haɗa shi da sauran a ƙaramar sabar.

Tsohon hannu:

Bari in tona wa kaina asiri don kada ka maimaita. Ranar da na fara girka Jitsi, na kira abokina muka gwada mu biyu. Hoto garau, murya garau, har na sanar da mutane. Ranar taro mutum na uku yana shigowa sai allo ya yi baƙi, kowa ya zama kurma. Na kwana ina zargin sabar. Ashe laifina ne. In mutum biyu ne, burauzarsu kai tsaye suke magana da juna, ba sa bi ta sabar. Daga uku ne ake komawa kanta, ta ƙofar UDP mai lamba 10000, ni kuwa ban buɗe ta a katangar tsaro ba. Layi ɗaya na umarni ya gyara abin.

Don haka gwajin mutum biyu ba gwaji ba ne. Ku shiga ku biyar ɗin, kuma a samu wanda zai shigo daga layin ofis ko makaranta, irin wanda ake toshe ƙofofi. In shi kaɗai ya kasa, sabar TURN kake buƙata, coturn ake sawa, ita ce take zagayo da hoton ta hanyar da ba a toshe ba.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na duba, terabait biyu aka ba mu a wata, darasi huɗu na awa biyu-biyu a megabit ɗaya bai kai rabinsa ba. Zan girka Jitsi da Owncast a daren nan, mu gwada mu biyar jibi, PeerTube kuma sai na samu sarari. Yallaɓai tsohon hannu, taimaka min da layin umarnin nan na buɗe ƙofa, ufw nake amfani da shi a matsayin katangar tsaro.

Tsohon hannu:

sudo ufw allow 10000/udp

Ka buɗe 80 da 443 na TCP su ma, da 1935 inda OBS zai shigo wa Owncast. In allo ya yi baƙi jibi, turo hoton abin da ka gani kafin ka taɓa komai.