Shawarwari kan neman gurbi a sakandaren cata mai ɗalibai kaɗan a Amurka

Iyaye da malamai sun tattauna kan wasu makarantun sakandaren cata masu ɗalibai kaɗan a Amurka, waɗanda ɗalibi kan je aji wasu ranaku, sauran kuma ya yi karatu a gida ta intanet. Makarantun cata (charter) su ne waɗanda gwamnati ke ba kuɗi amma masu zaman kansu ke tafiyar da su, tsarin da jihar Minesota ta fara yi wa doka a 1991.

An fi jaddada cewa a cike takardar neman gurbi da wuri. Ba a biyan kuɗin makaranta, kuma idan masu nema sun fi kujeru yawa, ƙuri'a ake jefawa. Wurare da dama kan fifita ƙannen ɗaliban da ke ciki.

Malamai sun ce a duba ko ɗalibai na raguwa daga aji 9 zuwa aji 12 (azuzuwan babbar sakandare a Amurka), domin kuɗi na bin yawan ɗalibai ne, ƙaramar makaranta kuwa ko kaɗan suka tafi sai ta girgiza. Wasu sun ce a tambayi adadin yaran talakawa da masu koyon Turanci. A ganina wannan ta fi muhimmanci, don inda babu motar makaranta, kuma iyaye na wurin aiki ranakun karatun gida, talaka ne ke fara janyewa.