Kan sabon mashina yana rawa in na kai 80, don Allah ku taimaka

Baban Ummi:
Salam jama'a, masana harkar mashin ku ba ni shawara don hankalina ba a kwance yake ba. Na sayi sabon mashin mai inji 150cc dal a kwali, a gabana yaran shagon suka haɗa shi, kuɗin ma sai da na sayar da tsohon nawa na haɗa da adashin da na ɗauka sannan yayana ya cika min, shi kuma tun farko cewa ya yi in sayi na hannu in riƙe canji, to kun ga yanzu da wane ido zan je masa da maganar matsala. A Rikkos nake a nan Jos amma aikina Tilden Fulani ne, kullum ina kan hanyar Bauchi. A 50 zuwa 60 lafiya lau, amma da mita ta doshi 80 sai kan ya kama karkarwa hagu da dama, rannan a gangara har ya kusa ƙwacewa daga hannuna, Allah ne kawai ya kiyaye. Na koma shagon sun ce wai sabo ne zai saki. Haka sabo yake yi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Babu wani zai saki, boris ɗin wuya ne. Yaran nan in suna sauri ba sa ɗaure notin wuya daidai, ko ya yi sako-sako ko su matse shi ya wuce kima. Ɗora shi a dogon jak, wani ya danne baya tayar gaba ta tashi, ka kama ƙafafun shokozoba ka ja gaba ka tura baya. In ka ji ƙwas-ƙwas to shi ne. Sannan ka juya kan a hankali ka ji ko yana cijewa a tsakiya.

Ɗan Gangare:
Oga Injiniya a fara da mai sauƙi mana. Baban Ummi ka auna iskar tayarka da geji? Irin waɗannan yawanci gaba wajen psi 25 ne a geji, baya 28 zuwa 32, ka duba littafin mashin ɗin. Ni abin da masu faci suke min ya ishe ni, mutum ya danna taya da yatsa ya ce ta yi, rannan wani ya ɗura min gaba ta yi tauri kamar dutse ina tafe ina tsalle, da na yi magana ya ce ni zan koya masa aiki.

Injiniya:
Iska tana sa wa, ban musa ba, amma a sabon haɗi wuya ake fara dubawa. Tun kana firamare nake wannan aikin.

Maman Hanif:
Bawan Allah sabon inji da 80? Ko masu kamfani cewa suke a lallaɓa shi sai an yi sabis ɗin farko. Kana da iyali fa, ka tausaya musu.

Abba Farin Gada:
In ya fara ka damƙi birkin gaba kawai zai nutsu. Ku dai kuna da sa'a ma kuna hawa, ni tun da aka kama nawa a cikin gari aka ce wai acaɓa nake yi alhali kayan miya na ɗauko wa gida, har yau ina bin takarda.

Injiniya:
Subhanallah, Abba kar ka kashe mutum. Birkin gaba a wannan lokacin shi ne faɗuwa. Sassauta totur ake yi a hankali, ka matse tanki da gwiwa, ka ɗan rusuna gaba, kar ka sanƙare hannu kana kokawa da kan.

Ɗan Gangare:
Tsaya ma tukuna, kana ɗaukar kaya a baya?

Baban Ummi:
Eh na kai an yi min waldar babbar kariya na sa akwati, wani lokacin nakan ɗoro buhun masara in zan dawo. Amma ai tsohon nawa ya ɗauki fiye da haka bai taɓa yi ba. Hajiya na gode, amma duk mai bin hanyar nan ya san in ka tsaya a 50 tirela ce za ta zo ta zauna maka a ƙeya, ba son gudu ba ne.

Ɗan Gangare:
To ai ga ta nan. Nauyi ya koma bayan tayar baya, gaba ta yi sakayau ba ta kama kwalta sosai. Cire akwatin ka gwada shi haka nan, ka kuma juya wili ka ga ko rim ɗin yana lilo, sifok ma kan zo a kwance.

Baban Ummi:
Akwatin nan kuɗi na kashe, kuma ba na jin shi ne. Abin da nake tsoro in bakanike na waje ya taɓa wuyan masu shago su ce na ɓata garanti.

Injiniya:
Waldar da ka yi fa, ita ba taɓawa ba ce? Kawo shi Dilimi da safe in duba wuyan, kar ka sake kai 80 kafin nan.

Baban Ummi:
Gobe ina da aiki, sai dai ko Asabar. Abba wace takardar suka ce ka kawo, don ni ma lambata ba ta fito ba tukuna.