"Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma", har da dardumar Farisa?

Ɗan Kurmi: Salamu alaikum jama'a. Jiya wajen jeren ƙanwata aka kusa tashi baram-baram. Gwaggonmu ta shimfiɗa darduma a falon amarya, tana ta nanata wa dangin ango cewa 'yar Iran ce, saƙar hannu. Sai wata dattijuwa a cikinsu ta ce, "Hajiya, shimfiɗar fuska dai ta fi ta tabarma." Gwaggo ta ce habaici ne, har yanzu ba ta huce ba. Ni kuma nasiha na ji. Wai wa ya kamata ya faɗi wannan magana, kuma wa ake faɗa wa?

Malam Na Zaure: Wa alaikumus salam. Baƙo ke faɗarta, in mai gida ya fara ba da haƙuri cewa ba abin kirki a gidan. In aka faɗa wa mai darduma kuwa, an ce masa fuskarsa a murtuke take. Gwaggonka ta ji daidai. Tunda an ambaci Iran, wato Farisa, ku tuna shimfiɗar Kisra, sarkin Farisa na dā. Da Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya ci Mada'in, babban birnin Farisa a lokacin, a 637 Miladiyya, aka samu wata katafariyar darduma a fadar, an saƙa ta da zinariya da duwatsu masu daraja, an zana lambu da ƙoramu, don sarki ya riƙa ganin bazara a tsakiyar hunturu. Aka aika wa Sayyidina Umar a Madina, aka yanyanka ta aka raba wa Musulmi. Malaman tarihi sun ce rabon Sayyidina Ali kaɗai an sayar da shi dirhami 20,000. Mai ita kuwa a guje ya ƙare.

Mai Shayin Kwana: Malam, mu a unguwarmu akwai mai shimfiɗar fuska duk bayan shekara huɗu. Har da taliya da atamfa. Ana rantsar da shi sai fuskar mai gadi.

Bintun Baba: Ni ban yarda ta fi ba. Mutum ya yi tafiya ya kwaso yunwa, ka tare shi da haƙora talatin da biyu ba ko ruwa? Marowata sun daɗe suna fakewa da maganar nan.

Ɗalibin Kum: Yaya Bintu, Farisawa ba sa raba biyun. Na zauna cikinsu ina karatu. Suna cewa baƙo masoyin Allah ne, kuma kafin ka zauna shayi ya iso, da ƙwayar sukari da za ka danne a haƙori kana kurɓa. Kafin Nauruz, sabuwar shekararsu da ke faɗowa wajen 21 ga Maris, sai an fitar da dardumai an kakkaɓe an wanke saboda masu ziyara. Amma suna da wata kara da suke kira ta'aruf, ta fi tamu zurfi. Mai tasi zai ce ka bar kuɗin, ba komai. Kada ka kuskura ka tafi, nacewa za ka yi har ya karɓa. In aka yi maka tayi sai ka ƙi sau biyu ko uku. In ka yaba kayan mutum, zai ce naka ne, kai kuma ka san ba a ɗauka.

Uwar Biyu: Wayyo, ai wannan ce ta kama kakata, Allah ya jiƙanta! A Mina tantinsu na kusa da na wasu matan Iran. Wata tana da ƙaramar dardumar salla ja, kaka ta shafa ta ce masha Allah. Matar ta ɗauko da hannu biyu ta miƙa mata, tana murmushi. Kaka ta ce a garinsu ba a mayar da hannun kyauta baya, ta naɗe ta saka a hamata, ta yi ta sa albarka. Ta ce ta ga matar ta yi turus, amma ta ɗauka kunya ce. Sai da dare wani malami a ayarinsu ya bayyana mata. Kaka ba ta runtsa ba. Gari na wayewa ta bi tanti tanti har ta gano ta. Matar kuma yanzu da gaske ta ƙi karɓa, ta dafa ƙirji tana girgiza kai. Ba mai jin yaren wani, wannan ta tura, waccan ta turo, har mata suka taru suna dariya. Ƙarshe kaka ta kwance zanen saƙinta baƙi, rinin Kano, ta ɗora mata a kafaɗa, ta haɗa da goro biyu. Matar ta gatsa ta yamutsa fuska, amma ta haɗiye. Har kaka ta rasu a kan dardumar nan take salla, kuma ba ta ɗaga hannu ba ta sa "ƙawata Ba'ajamiya" a addu'a ba.

Bintun Baba: To murmushin farko na matar, shimfiɗar fuska ne ko dole?

Malam Na Zaure: Allah ya jiƙan Hajiya. Wanda ya danne zuciyarsa don kada baƙo ya ji kunya ai ya yi shimfiɗa.

Ɗalibin Kum: Ni kuma ina ganin ta biyun ce ta gaske, da ta ƙi karɓa.

Mai Shayin Kwana: Sarkin Iran ma a 1971 ya kafa tantuna a Farsafolis, tsohon birnin sarakunan Farisa, bikin shekara 2,500 na sarauta, abinci daga Faris ta Faransa, talakawa na hange daga nesa. 1979 ya bar ƙasar. Masu ɗaurin aure da jiragen haya, kuna ji dai.

Ɗan Kurmi: Jama'a, ba ku ba ni amsa ba fa.

Uwar Biyu: Yi haƙuri ɗan'uwa, ban gama ba. Yanzu haka dardumar tana hannun kawuna, mahaifiyata kuma ta rantse kaka ita ta yi wa alkawarinta tun tana da rai. Malam, in ba shaida sai mace ɗaya, yaya hukuncin yake?