Shin 25Q64 EEPROM ce ko filash? Muhawarar masu gyara a Katsina

Mai gyaran talabijin, Ƙofar Ƙaura: 'Yan'uwa, wani yarona ya ce mini kuskure nake yi da nake kiran aisin 25Q64, wato ƙwayar da ke adana bayani a cikin dikoda, da sunan EPROM. Ni a ganina duk aisin da ake gogewa a sake rubuta masa bayani, sunansa EPROM, sauran kuwa ƙarin magana ne.

Malamin lantarki: Maigida, yaronka yana da gaskiya. EPROM ta asali, wato ma'ajiyar bayani mai goguwa wadda Dov Frohman ya ƙirƙiro a kamfanin Intel a 1971, tana da 'yar taga a bayanta, kuma ba ta goguwa sai an cire ta an ajiye ƙarƙashin fitilar alturabayolet na kusan minti 20, sannan komai ya tafi gaba ɗaya. Irin su 2764 da 27C256 ke nan. Ka taɓa ganin taga a jikin 25Q64?

Mai gyaran talabijin: Ban gani ba, Malam. To EEPROM ce ke nan, wato mai goguwa da wutar lantarki, tunda da wuta muke goge ta a CH341A, na'urar da muke rubuta wa aisi bayani da ita.

Mai gyaran kwamfuta, Ƙofar Marusa: A nan ni ina bayanka, Baba. 25Q64 filash ce, kuma filash ɗin da Fujio Masuoka ya fito da shi a Toshiba a 1984 jinsin EEPROM ne, don duka da wutar lantarki ake goge su.

Malamin lantarki: Ta fuskar asali ban musa ba, amma aikinsu ya sha bamban. A EEPROM irin 24C16, wadda talabijin ke adana tashoshi da ƙarar sauti a cikinta, kana iya canza bayit ɗaya tak ka bar sauran. A filash irin 25Q64 kuwa, kafin ka gyara bayit ɗaya sai ka goge yanki na kilobayit 4 cikakke, shi ya sa wanda bai ajiye kwafi ba kafin ya taɓa ta yake kwana da dikoda matacciya.

Mai gyaran kwamfuta: Na yarda da wannan. Sai dai akwai EPROM mai baƙar roba marar taga, wadda ake rubutawa sau ɗaya kawai. Yaya za a kira abin da ba ya goguwa da sunan mai goguwa, Malam?

Malamin lantarki: Cikinta iri ɗaya ne da mai taga, tagar kawai aka hana ta don rage kuɗi, shi ya sa ake ƙara mata OTP a suna, wato mai rubutuwa sau ɗaya.