Musayar Waƙa: Sanata John McCain da Sojojin da Ba Su Dawo Ba

Malam Mai Tawada:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota waƙa. Maudu'inmu shi ne marigayi Sanata John McCain na Amurka, wanda ya yi shekara biyar da rabi yana fursunan yaƙi a Hanoi ta ƙasar Vietnam, daga baya kuma ya zauna a kwamitin majalisar dattawa, ƙarƙashin Sanata John Kerry, da ya binciki batun sojojin Amurka da suka ɓace a yaƙin Vietnam, da zargin cewa an bar wasunsu da rai a tsare. Na buɗe da ƙwar biyu.

A Oktoban 1967 aka harbo jirginsa a samaniyar Hanoi,
ya faɗa tafkin Truc Bach, ruwa na shirin haɗiyewa.

Hannu biyu sun karye, ƙafa ɗaya ma ta karye,
aka tsamo shi, aka kai shi kurkukun Hoa Lo domin kullewa.

Da aka naɗa mahaifinsa kwamandan rundunar Fasifik,
aka ce ya tafi gida, ya ce layi ba a tsallakewa.

Wanda aka fara kamawa shi ya cancanci fara fita,
sai duka ya ƙaru, da shekara biyu ta kaɗaicewa.

A Maris na 1973 ya fito da furfura a kansa,
sama da kafaɗa hannayensa sun daina ɗaguwa.

Wanda ya ɗauki sarƙa shi ya san nauyinta,
in ya ce ba a bar kowa can ba, wa ke da bakin musantawa?

Ɗiyar Tsohon Soja:

Allah gafarta Malam, ni da “ba” zan amsa, domin duk maganata a kan waɗanda ba su dawo ba ce.

Malam, ka ƙirga wanda ya dawo, ƙirgenka ya yi daidai,
sai dai ba ka ƙirga waɗanda ba a gani ba.

Mutum 591 aka sako bayan yarjejeniyar sulhu ta Paris,
sama da 2,000 kuwa ba a ji ɗuriyarsu ba.

A dazukan Laos ɗaruruwa suka yi ɓatan dabo,
tara aka miƙo, ba a yi bayanin sauran ba.

A zaman kwamiti na 1992 wata mata ta zo ba da shaida,
ɗan'uwanta matuƙin jirgi ne da bai dawo gida ba.

Sanata ya tsare ta da tambayoyi har ta fashe da kuka,
shi da ya san ɗacin jira, bai tausasa harshe ba.

A 1996 ya kawo gyara ga dokar ɓatattun sojoji,
iyalai suka ce bai bar mata haƙori ko ɗaya ba.

Mamaci yana da sadakar uku, da bakwai, da arba'in,
matar ɓatacce kuwa ba ta san ranar fara takaba ba.

Autan Marubuta:

Yaya, na ji kukanki, kuma kukan yana da hujja,
amma akwai masu cin kasuwa da raunin zuciya.

A 1991 hoton mutum uku ya zaga jaridun Amurka,
aka ce fursunoni ne da rai, ashe haɗin ƙarya.

Daga tsohuwar mujallar Soviet aka yanko shi,
iyalai suna hawaye, 'yan damfara suna tara dukiya.

Kwamitin John Kerry ya fi shekara yana tono takardu,
ya saurari tsofaffin ministoci da masu leƙen asirin duniya.

A Janairun 1993 ya ce babu ƙwaƙƙwarar hujjar mai rai a tsare,
sanatoci 12 suka sa hannu a kai baki ɗaya.

McCain ya mara wa Clinton baya aka ɗage takunkumi a 1994,
a 1995 aka ƙulla jakadanci da tsofaffin maƙiya.

Ana ta tono ƙasusuwa daga fadamu da gindin duwatsu,
wanda ya hana ki begen banza, Yaya, ya gaya miki gaskiya.

Baba Tsohon Kurtu:

'Ya'yana, kun tsaya a kan fursunonin Amurka kaɗai,
ku duba waɗanda Amurkawa suka tsare a hannunsu.

Bayan hotunan azaba a kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi, a 2005 McCain ya kawo gyaran doka,
wanda ya haramta azabtar da tsararru da wulaƙanta su.

Sanatoci 90 suka amince, 9 suka ƙi,
Shugaba Bush da mataimakinsa Cheney suka ja, daga bisani suka sauko da kansu.

Amma a 2008, yana neman shugabanci, ya ƙi wani ƙuduri
da zai sa jami'an leƙen asiri na CIA bin ƙa'idar sojoji ta tambayar fursuna da littafinsu.

Nan na ga siyasa ta ja rigar tsohon fursuna,
ko da yake ya ci gaba da la'antar masu azaba da aikinsu.

A Vietnam kuwa ɓatattun nasu dubu ɗaruruwa ne,
tsofaffi na kunna turare gaban hoto, ba su san kabarinsu... 

a gafarce ni, baitin ya nemi “ba”, na bar wa ɗiyata kayanta.

Ɗiyar Tsohon Soja:

Na karɓa, Baba, ba su san kabarinsu ba,
uwa a Hanoi da uwa a Arizona, kukan bai bambanta ba.

Auta, koma ka karanta rahoton nan da kyau,
yiwuwar an bar wasu kaɗan a 1973, bai kore ta ba.

James Schlesinger, tsohon ministan tsaro, ya faɗa wa kwamitin
cewa a ganinsa akwai waɗanda ba a sako ba.

Har yau sama da 1,500 suna cikin jerin ɓatattu,
McCain ya rasu a 2018, jerin bai ƙare ba.

Matan da suka jira sun tsufa, da yawa sun riga mu gidan gaskiya,
ba su tarbi miji ba, ba su ɗinka likkafani ba.