Ruwan Flint: Musayar Baitoci

Uwar Biyu:
Ga nawa a kan garin Flint na jihar Michigan a Amurka. Mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa".

Da sunan Allah nake farawa,
Mai shayar da bayinSa ruwa.

A Flint baƙar fata sun fi rabi,
Famfonsu ya zam abin damuwa.

Afrilun 2014 aka yanke,
Wai ruwan birnin Detroit na da tsadar sayowa.

Aka jawo na kogi cikin bututu,
Ba maganin hana shi cinyewa.

Dalma ta narke, ba a ganin ta,
Uwa ta dama madara tana shayarwa.

Ta kai wa hukuma kwalba, ruwa kamar shayi,
Suka ce lafiya lau, daina kuwwa.

Ɗan Anka:
Yaya, kin fama mini tsohon miki,
Dalma mun gan ta da idanuwa.

A 2010, Bagega da Dareta,
Dutsen zinare a tsakar gida ake niƙawa.

Yaro na rarrafe cikin ƙurar,
Da dare sai jijjiga da sanƙarewa.

Yara sama da 400 Zamfara ta binne,
Ƙananan kaburbura muna jerawa.

Mu dai talauci ne ya ci mu,
Can ina launin fata ya shigo, Uwa?

Tsohon Malami:
Ɗana, tambayarka tana kan hanya,
Zauna ka ji yadda aka yi rabawa.

A Oktoban 2014, General Motors mai ƙera motoci
Ta ce ƙarfen injinta na lalacewa.

Aka sauya wa masana'anta ruwa,
Yara suka ƙara shekara suna kurɓawa.

Sai da likita Mona Hanna-Attisha
Ta nuna dalma a jininsu tana hauhawa.

Ita ma da fari ƙaryata ta aka yi,
Sai Oktoban 2015 aka yi juyawa.

Hukumar kare haƙƙi ta jihar, a 2017,
Ta ce wariyar launi na cikin saiwa.

Uwar Biyu:
Baba, nan ne hawayena ya zubo,
An ji kukan ƙarfe kafin na uwa.

An yi sulhu kan dala miliyan 626,
To ɗan da karatu ke masa wuyar shiguwa?

Ɗan Anka:
Na ji, Baba, na karɓi amsa.
Yaya, irinsa muna da shi a unguwa,

Ya girma, ya kai munzalin aure,
Har yau sunansa bai iya rubutawa.